Ɗumin Bargo da Abincin Mai Ɗinkinsa

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas, ta ratso hamada, ta sauka a kan garuruwan tsakiyar Jihar Jigawa da ƙura da bushewa da sanyi. A Taura da Gujungu da Majiya da sauran garuruwan ƙasar Ringim, rana kan yi ɗumi har mutum ya nemi inuwa, amma kafin asuba ma'aunin zafi ya sauko zuwa digiri 13 ko 12, wani daren ma ya yi ƙasa da 10. Dalili kuwa shi ne, a wannan lokaci babu gajimare a sama, babu laima a cikin iska, saboda haka zafin da ƙasa ta sha da rana ba ya samun abin da zai tare shi, sai ya yi sama ya tafi. Ɗakin soro mai kaurin bango kan riƙe wani abu daga zafin rana har tsakar dare. Ɗakin kwano kuwa, da rana ta faɗi yake fara hucewa.

A irin wannan lokaci ne ake zazzage akwati da adaka, a fito da barguna da gwaduna. A gidan da yara suka fi barguna yawa, matar da ta iya allura takan tara ƙyallayen da suka rage a wurin tela, ta haɗa da tsofaffin zannuwanta, ta ɗinka abin rufa. Mutane kan ce wannan bargo yana da ɗumi, wancan ba shi da shi, tamkar ɗumin a jikin zaren yake. A wurin masana kimiyya ba haka al'amarin yake ba. Bargo ba ya haifar da zafi ko kaɗan. Zafin da ake ji a cikinsa daga jikin mai barci yake fitowa, shi kuma jiki daga tukunya yake samo shi.

Abin da bargo ke yi

Mai sayar da ƙanƙara a watan azumi ya san wannan sirri, ko da bai taɓa shiga aji ba. Yakan naɗe ƙanƙararsa da buhu da tsumma domin kada ta narke, kamar yadda uwargida ke lulluɓe kwanon tuwo da zane domin kada ya huce kafin maigida ya dawo. Tsumma ɗaya ne, ya tsare wa ƙanƙara sanyinta, ya tsare wa tuwo zafinsa. Ashe ke nan aikinsa shi ne hana zafi wucewa, ko daga waje zuwa ciki, ko daga ciki zuwa waje.

Zafi kullum daga abu mai ɗumi yake gudu zuwa abu mai sanyi, sai dai saurin gudun ya danganta da abin da zai ratsa. Cokalin ƙarfe da aka bari a cikin miya nan da nan yake ƙona hannu, muciya kuwa takan wuni a tukunya ba ta yi haka ba. Daga cikin abubuwan da ke kewaye da ɗan Adam, kaɗan ne suka kai iska hana zafi wucewa, amma da sharaɗin ta tsaya cik. Ruwa ya fi iskar da ke tsaye saurin ɗauke zafi fiye da sau 20. Matsalar iska ita ce ba ta son tsayawa: da ta ɗumama a jikin fata sai ta tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta. Aikin auduga da zare da ƙyalle shi ne su kama ta a cikin dubban ƙananan kafofi, su hana ta motsi. Wato dai ainihin bargon iska ne, yadin kuwa keji ne da aka tsare ta a ciki.

Daga nan abubuwa da dama za su fito fili. Kauri ne ke kawo ɗumi, ba nauyi ba, domin haka zannuwa uku marasa nauyi da aka jera kan fi shadda guda mai nauyin ukun riƙe ɗumi. Launi ba shi da tasirin a zo a gani da dare. A cikin rana ne baƙin yadi ke shan zafi fiye da fari. Bargon da ya sha laima ya rasa amfaninsa, domin ruwa ya kori iskar da ke cikin kafofinsa. Sa'an nan kuma wanda ya kwanta a kan siminti da 'yar tabarma, ya jibga barguna uku a kansa, zai kwana yana rawar ɗari, domin ƙasa na zuƙe zafinsa ta bayansa. Da ya shimfiɗa ɗaya ya rufa da biyu, da ya fi samun barci.

Daga lifidi zuwa gadon yara

Ɗinka yadi biyu da cusa auduga a tsakaninsu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, sai dai a fagen fama aka fi saninsa. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi kuwa ba kome ba ne illa bargon yaƙi: yadi ne a sama, yadi a ƙasa, auduga a tsakiya, aka bi da ɗinki layi-layi aka matse, aka rufa wa doki da mahayinsa. Kibiyar da ta same shi sai ta ratsa ɗaruruwan zaruruwa ɗaya bayan ɗaya, kowane ya rage mata ƙarfi, har ta tsaya. Har yau ana ganin 'yan lifidi a hawan salla a manyan masarautun Arewa, kuma duk mai ɗinkin da ta matsa kusa da dokinsu za ta ga an haɗa ƙyallaye ja da rawaya da kore ne, irin haɗin da take yi a gida.

Abin da aka fi cusa wa lifidi shi ne audugar rimi. Silin audugar rimi, in an duba shi da madubin ƙara girma, kamar bututu yake, bango siriri, ciki fanko, cike da iska, kuma a bayansa akwai wani maiƙo da ke hana shi shan ruwa. Wannan ne ya sa aka riƙa cusa ta a rigunan ceto na jiragen ruwa har lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, kafin a samo roba. Santsinta ya sa ba ta kaɗuwa a mazari kamar audugar gona, amma wajen cika matashi da katifa da bargo da wuya a sami kamarta. Aibinta ɗaya ne, kuma babba ne: tartsatsi kaɗan ya isa ta kama da wuta, kamar yadda mayaƙan da suka sani, shi ya sa abokan gaba kan nemi 'yan lifidi da wuta.

Sauran al'ummu ma sun kama wannan hanya. Matan ƙasar Bangal, a Indiya da Bangaladash, kan jera tsofaffin mayafansu su bi su da ɗinki, su kira shi kanta. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a Jihar Alabama ta Amurka, mata baƙar fata, jikokin bayi, sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aiki saboda talauci da sanyi; a 2002 aka baje waɗannan barguna a manyan gidajen adana kayan fasaha na biranen Houston da New York, masana suka yi ta yaba tsarin launukansu. Babu abin da waɗancan mata suka fi matar Taura da shi, in ban da an rataya nasu a bango.

Haɗa ƙyallaye

Aikin yana farawa ne tun kafin a zura zare a allura. Ƙyallen da aka kwaso daga wurin tela sabo ne, bai taɓa ganin ruwa ba, yadin auduga kuwa yakan ɗan tsuke a wankin farko, wani kuma ya zuba. Idan aka haɗa sabon ƙyalle da tsohon zane ba tare da an wanke ba, ranar da aka wanke bargon sabon zai ja, tsohon ya tsaya, ɗinki ya tattare ko ya ɓarke. Don haka a jiƙa ƙyallaye tukuna, masu duhu daban, masu haske daban, a shanya, a goge. Haka kuma a haɗa masu nauyi ɗaya wuri ɗaya, atamfa da atamfa, shadda da shadda, domin in an gwama mai kauri da marar kauri, a bakin ɗinkin marar kaurin zai yage.

Kowane saƙaƙƙen yadi yana da zaren tsaye da zaren kwance. In an ja shi ta tsaye ko ta kwance ba ya miƙewa sosai, amma in an ja shi a karkace sai ya biyo hannu kamar ƙaro. Ƙyallen da aka yanka a karkace shi ke sa bargo ya murɗe, kusurwoyinsa su ƙi haɗuwa. Mai koyo gara ta tsaya a kan murabba'i da dogayen yanka masu bin zare, ta bar masu kusurwa uku sai hannunta ya faɗa.

Wurin da ilmin ya fi yawa shi ne ɗinkin da ke ratsa sama da ciki da shafi ya haɗe su. In babu shi, audugar za ta gangara ta dunƙule a gefe guda, tsakiya ta zama fayau. Amma kuma duk inda allura ta bi ta matse kaurin, ta kori iskar wurin, ta buɗe wa zafi 'yar hanyar fita. Maɗinkin lifidi matsi yake nema, domin kibiya yake tsoro. Mai bargo kuwa sanyi take tsoro, saboda haka sai ta nemi tsaka-tsaki. In sakakkiyar auduga ce a ciki, tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin layi da layi ta isa. In tsofaffin zannuwa ne aka jera, waɗanda ba sa gangarawa, ana iya barin faɗin tafin hannu. A fara daga tsakiya a yi waje, kuma kada a ja zaren har ya nutse.

Yawancin yadin da ke shigowa kasuwar Kantin Kwari ta Kano, daga nan ya bazu zuwa kasuwanni irin ta Gujungu, yanzu akwai roba a cikinsa, wani ma roba ne zalla. Ana iya ganewa da ashana ɗaya. A zare sili a kusantar da shi ga wuta a tsakar gida: auduga za ta ci da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi, roba kuwa za ta narke, ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Yadin roba ba ya shan gumi, in kuma ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata. Ana iya sa shi a fuskar bargo saboda ƙarkonsa, amma shafin da zai taɓa jikin yaro ya kamata ya zama auduga. Da yake jikin mai barci yana fitar da laima dukan dare ko da bai yi gumi ba, shanya bargo a rana da hantsi ba tsabta kaɗai ba ce, mayar masa da iskarsa ne.

Murhun da ke cikin jiki

A lokacin sanyin 1782 zuwa 1783, wasu masana biyu na ƙasar Faransa, Lavoisier da Laplace, suka sa ɓeran Masar a cikin wani mazubi da suka kewaye da ƙanƙara, suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar. Suka kuma auna iskar da yake fitarwa a numfashi, suka kwatanta da ta gawayin da ke ci. Sakamakon ya nuna cewa numfashi wani irin ƙonewa ne a hankali, ba harshen wuta, ba hayaƙi. Abinci shi ne itacen, iskar oksijin da ake shaƙa ita ce mai hura wutar.

Da wannan wuta jiki ke riƙe zafinsa a kan digiri 37 dare da rana. Babban mutum da ke barci yana fitar da zafi kwatankwacin wat 60 zuwa 80, wato kamar ƙwan lantarki irin na da, mai ƙona hannu. In mace matsakaiciya ta yi barcin awa 8, zafin da ta zuba a cikin bargonta ya kai kalori 400, daidai da kuzarin da ke cikin giram 110 zuwa 120 na gero, abin da bai wuce cikin ƙaramin gwangwanin madara ba. Wanda ya kwana da yunwa, ko wanda ciwo ya ramar, murhunsa ya yi ƙasa, kuma ba shi da kitsen da ke ƙarƙashin fata, wanda shi ne bargon farko da Allah ya yi wa kowa. Mai sarrafa ƙarfin wannan wuta wani ƙullutu ne a maƙogwaro, wanda ba ya aiki sai da sinadarin aidin. Rashin aidin ke kumbura shi ya zama maƙoƙo, kuma saboda haka ne Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci tun 1993.

Jini da abin da ke gina shi

Itace ba ya ci sai da iska, iskar oksijin kuwa ba ta isa sassan jiki sai a cikin jini. Abin da ke ɗaukar ta shi ne himogulobin, wanda ke ba jini launin ja, kuma ba ya ginuwa sai da sinadarin ƙarfe. Mace mai jinin al'ada tana bukatar wannan sinadari fiye da ninki biyu na abin da namiji ke bukata, mai ciki kuwa ta fi haka. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5. Alamominsa sanannu ne ga duk wadda ke wuni a kan ɗinki: kasala, jiri in ta miƙe, haki in ta ɗebo ruwa, fari a tafin hannu da cikin fatar ido, sanyin yatsu da tafin ƙafa ko da an rufa, wani lokaci da kwaɗayin cin ƙasa. Sau da yawa akan ce lalaci ne, ko kuma a ce sanyi ne ya shige ta.

Gero, abincin gado na wannan yanki, ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe nesa ba kusa ba. Sai dai mafi yawansa a bayan ƙwayar yake, saboda haka surfen da ya wuce kima awaki yake ciyarwa da shi a cikin dusa. Har ila yau, a cikin hatsi da wake akwai wani sinadari mai suna fayitet, wanda ke riƙe ƙarfen ya hana hanji tsotse shi. Jiƙa hatsi ya kwana, da barin gasara ta yi tsami kamar yadda ake yi wa koko, suna karya wani kaso na wannan sinadari. Kakanni ba su san sunansa ba, amma sun san yadda ake yi da shi. Masu binciken iri ma sun shigo cikin maganar: a 2018 Jamhuriyar Nijar ta saki wani irin gero mai suna Chakti, wanda aka zaɓo musamman saboda yawan sinadarin ƙarfensa.

Bitamin C kuwa buɗe wa ƙarfen hanya yake yi, in an ci su a zama ɗaya. Ana samunsa a gwaiba da lemon tsami da ɗanyen tumatir da tattasai, da kuma garin 'ya'yan kuka, wanda ya ninka lemon zaƙi a wannan fanni. Shayi akasin haka yake yi: in an sha shi a kan abinci yana iya rage ƙarfen da jiki zai samu daga hatsi da ganye da fiye da rabi. Ba a ce a daina shan shayi ba, a dai jinkirta shi da awa guda bayan cin abinci. Ƙarfen da ke cikin hanta da nama da kifi shi ya fi saurin shiga jiki, kuma ɗan kaɗan daga cikinsu a miya yana taimaka wa na ganyen ma ya shiga. Bandar kifin Kogin Haɗeja da ake dakawa a zuba a miyar kuka ta fi ƙarfin a kira ta kayan ɗanɗano.

Gero da dawa suna da ƙarancin wani tubali na gina tsoka mai suna laisin, wanda ya wadata a wake. Shi kuma wake yana da gibin da hatsi ke cikewa. Tuwo da miyar wake, koko da ƙosai, fura da nono, dambu da zogale da gyaɗa, duk haɗin ƙyallaye ne, kowane ya rufe inda ɗan'uwansa ya gaza. Riɗin da manoman Jigawa ke nomawa ana lodinsa zuwa ƙasashen waje yana da mai da sinadarin ƙarfe da na ƙarfafa ƙashi, abin takaici ne a sayar da buhu goma ba a ajiye kwano biyu a gida ba. Kanwa kuwa tana sa wake saurin nuna, amma tana lalata wasu bitamin na rukunin B. Jiƙa waken tun dare yana rage bukatarta.

Duk da haka, ba kowane ƙarancin jini abinci ke warkarwa ba. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki da tsargiya suna tsiyayar da shi, haihuwa kusa da kusa tana ƙarar da ajiyar uwa, ga kuma amosanin jini da ake gada. Wadda ta ga alamomin nan awon jini ya kamace ta, mai ciki kuma ta riƙe ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo.

Wunin mai ɗinki

Da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma ba kowane aiki ke cin ruwan ciki daidai da wani ba. Matar da ke daka a turmi tana ƙona kuzari ninki huɗu ko biyar na wadda ke kwance. Wadda ke zaune tana ɗinkin hula ko haɗa ƙyallaye da hannu, kaɗan ta ɗara mai hutawa. Keken ɗinki na ƙafa ya ɗan fi, domin ƙafafu na motsi. Ga inda matsalar take: zama ya rage mata bukatar tuwo da mai da sukari, amma bai rage mata bukatar ƙarfe da bitamin ko da ƙwayar zarra ba. Abin da ya dace da ita shi ne malmala ta ragu, miya da ganye da wake su ƙaru.

Abin da aka saba gani kuwa akasin haka ne, musamman in salla ta matso, aiki ya yi yawa. Sai a karya da shayi da burodi, a wuni a kan goro, wanda ke kashe yunwa ba tare da ya ciyar ba, a kora da lemon kwalba. Kwalba guda tana ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali 8 zuwa 9, alhali shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce kada sukarin babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a wuni, har da na shayi da na kunu. Gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma a sani cewa kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne. Daddawa tana ba miya ɗanɗano ba tare da wannan nauyi ba. Mai son abin taunawa a bakin aiki, ga gyaɗa da aya da magarya, ga 'ya'yan itacen taura mai suna ɗaya da garin, ga dabinon da Dutse ta yi suna da shi, shi ma ƙwaya uku ko huɗu, ba cikin kwano ba. Tashi daga kan tabarma duk bayan rabin awa, a miƙe baya, a zaga tsakar gida, yana taimaka wa jini da ƙugu fiye da yadda ake zato.

Ido shi ne jarin mai allura, kuma a nan akwai abubuwa biyu da ake rikitawa. Dundumi, wato rashin gani da magariba, rashin bitamin A ke kawo shi, maganinsa kuma yana cikin hanta da ƙwai da manjan da ba a ƙona ba, da kabewa da karas da gwanda da mangwaro, da koren ganye irin zogale da alayyafo da rama. Wannan bitamin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, saboda haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa haɗi ne na hikima. Ganyen da aka shanya a inuwa ya fi wanda rana ta ƙona riƙe shi. Tun 2002 kuma doka ta wajabta ƙara shi a man girki da sukari da fulawar da masana'antu ke fitarwa.

Amma matar da ta haura shekara 40, ta ga sai ta nisantar da allura kafin ta ga kafarta, ba dundumi ke damunta ba, kuma ko ta cinye gonar karas ba za ta warke ba. Gilashin da ke cikin ido ne ya fara taurara da shekaru, ya kasa lanƙwasawa domin ganin abu na kusa. Wannan yana samun kowa. Maganinsa tabarau ne na karatu, mai araha. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan masu tsinkar ganyen shayi a Jihar Assam ta Indiya ya nuna cewa waɗanda aka ba irin wannan tabarau, abin da suke tsinka a wuni ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari. Gwanaye nawa ne suka ajiye allura a lokacin da hannunsu ya fi ƙwarewa, saboda kunyar sa tabarau ko rashin sanin akwai shi? Gara dai a auna idon a asibiti, a Ringim ko a Dutse, domin ciwon sukari da hawan jini su ma suna lalata jijiyoyin ido a ɓoye, kuma tabarau na bakin kasuwa ba zai tona su ba.

Masu kwana a ƙarƙashinsa

Ba kowa bargo ke yi wa aiki daidai ba, tun da ba kowa ke da murhu iri ɗaya ba. Jariri yana da faɗin fata mai yawa in an gwada da ɗan nauyinsa, saboda haka zafi na tsere masa da sauri, ga shi ba ya iya rawar ɗari sosai domin ya ƙara wa kansa ɗumi. In jikinsa ya riga ya yi sanyi, naɗe shi a tsumma biyar tamkar naɗe ƙanƙara ne. Abin da yake bukata shi ne murhun uwarsa: a kwantar da shi a ƙirjinta, fata da fata, a sa masa hula, a rufe su tare, a bar fuskarsa a buɗe, a ba shi nono. Likitocin birnin Bogota na ƙasar Kolambiya ne suka mayar da wannan hanya tsarin asibiti a 1978 domin bakwaini, kuma yanzu ana koyar da ita a asibitocin Nijeriya. Tsofaffi ma wutarsu ta yi ƙasa, kunu mai zafi kafin kwanciya da shimfiɗa mai kauri sun fi musu ƙarin bargo a sama.

Haɗarin da ya fi kowane shi ne kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga. Gawayin da ke ci inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Himogulobin ɗin nan da ke ɗaukar oksijin ya fi kama ta fiye da sau 200, saboda haka sai ta cika jini, oksijin ta rasa wurin zama. Mai ƙarancin jini da mai ciki da jariri su take fara kayarwa. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi, kuma mai barci ba ya farkawa ya ce wani abu na damunsa. Hayaƙin janareta da aka kunna a cikin zaure ko kusa da taga shi ma wannan iska yake ɗauke da ita. In za a ɗumama ɗaki da garwashi, a yi tun ana zaune, taga a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, nesa da gidan sauro da audugar rimi. In kuwa aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai, ko wani ya ƙi farkawa, a fito da su fili nan take, a buɗe ƙofa da taga, a nufi asibiti mafi kusa ba tare da jiran gari ya waye ba.